Jikar Maƙera da Harsashin da Ya Ƙi Mulmuluwa

Da a ce ranar nan na ci gaba da cin tsirena na yi shiru, da har yau ana ganina da mutunci a unguwarmu ta Park Hill. Amma bakin nan nawa, da ya shekara goma sha bakwai yana kame kansa a ɗakin gwajin jini na asibiti, ranar ya ga damar buɗewa.

Lahadi ce, farkon watan Oktoba na 2016, muna bayan gidan Kwaku. Kwaku mutumin Kumasi ne, a bakin zangon Hausawa ya tashi, Hausarsa ta fi ta 'ya'yana nesa ba kusa ba. Shi kaɗai ne a cikinmu ya bar benen haya ya sayi gida mai fili da gareji, don haka duk gashin naman da za a yi a wurinsa ake yi. Aikin lodin kaya yake yi a filin jirgin sama na JFK, inda mijina Tajuddeen yake jiran fasinja da motarsa. Abin da Kwaku ya fi so a duniya, bayan matarsa Akua, shi ne wata bindiga irin ta da, wadda ake ɗura wa harsashi ta baki kamar ta maharban ƙauye. Yana da takardunta cif. Duk shekara in lokacin farauta ya yi sai ya tafi dajin Pennsylvania da Tajuddeen a matsayin mai bisimilla da yanka, su dawo mana da barewa. Harsashinta dunƙulen dalma ne, da kansa yake narkawa ya zuba a gareji.

Ranar ƙorafi yake ta yi wa mijina.

"Ei, Alhaji, duba mini. Ya kamata ya fito a mulmule kamar ƙwallo, amma ta nan ya fi ta nan faɗi. Kaɗan ne fa. Sai dai in ka auna gabas, shi arewa yake tafiya gaisuwa."

Na ajiye tsinken tsire na ce, "Bra Kwaku, miƙo nan."

Ya miƙo. Na juya dunƙulen a tafin hannuna, na ɗaga shi sama, na kanne ido ɗaya.

"Wannan ai ƙaramin abu ne," na ce. "Ni jikar maƙera ce. Kakana shi ne Sarkin Maƙeran unguwarmu a Funtuwa. Mu a gidanmu da ƙarar guduma ake yi wa jariri rarrashi. Ga jini, ga boko. Mako guda ya ishe ni."

Tajuddeen ya yi wani tari da ba na mura ba. Ya san sau biyu na taɓa shiga maƙerar kakana: sau ɗaya na kai fura, sau ɗaya na je karɓo kwanon. Mahaifina kuwa malamin firamare ne, ko ƙusa ce ta fita a ƙofa sai ya aika a kira kafinta.

Da maganar ta tsaya nan, da an yi dariya an wuce. To amma Saani yana wurin. Saani Buzu ne daga Agadas, yana sayar da tabarau da jakunkuna a Canal Street, rawaninsa ba ya sauka ko ana zafin da kwalta ke narkewa. Tsakanin Buzaye da maƙera kuwa akwai wasa tun kakanni, kuma tun ranar da muka haɗu ya ji asalina bai taɓa kirana da sunana ba.

"Mi na ji? Baiwata tana magana a gaban mutane?" in ji shi. "Ke da ko allura ba ki ƙera ba? Kakanki ma mu muka koya mai hura wuta."

"Kai, Buzu, takobin da kakanka yake rataye da shi yana taƙama, wa ya ƙera masa? Ba don mu ba da sanda za ku riƙa yawo."

"Dakor, na yarda. Sai mu gani a ƙasa."

Nan take aka ƙulla, mutum kusan ashirin suna shaida. Mako uku aka ba ni, zuwa ranar gashin nama na ƙarshe kafin sanyi. Zan kawo harsashi goma, a gangara su a kan teburin gilashin Akua, kowanne ya tafi sak har ƙarshe. In na yi, Saani zai ɗauki kular abincina daga Park Hill zuwa tashar jirgin fito kullum da safe har wata guda, yana tafe a bayana. In na kasa, ni ce mai dafa masa shayi wata guda, kuma duk inda na gan shi, ko a gaban wa, sai na rusuna na ce "ubangidana."

A mota Tajuddeen ya ce, "Balki, kin san abin da kika ɗauko?"

"Malam, ni da nake ƙirga ƙwayar jini ɗaya bayan ɗaya? Ka fara tausaya wa Buzu."

Litinin da na tashi aiki Kwaku ya nuna mini kayan. Ga tukunyar lantarki ta narka dalma, ga ɗan ludayi, ga mazubi. Mazubin kamar awartaki yake mai hannun katako, a bakinsa ƙarfe biyu na alminiyon, kowanne da rabin rami. In an haɗe su sai ramin ya cika, a zuba dalma ta wata 'yar kafa, ta daskare, a buɗe. Ya ce in bar ƙofar gareji a buɗe, in sa safar hannu da tabarau, kada ko ɗigon ruwa ya kusanci tukunyar. Na ce masa ni nake koya wa sababbin ma'aikata irin wannan a asibiti. Ya ba ni makulli ya tafi, don an mayar da shi aikin yamma na wata guda.

Yana fita na buɗe mazubin na leƙa. Baƙi ƙirin, kamar gindin tukunyar gidan biki.

"Namiji ke nan," na ce. "Ga matsalar tana kallonsa, yana neman ta a wani wuri."

Na jefa shi a jaka na tafi gida. Uwar da ta haife ni ba ta karɓar tukunya daga hannunki sai ta ga haƙoranta a jiki. Na sami soson ƙarfe da sabulu da lemon tsami, na zauna. Kafin la'asar sakaliya mazubin nan yana ɗaukar ido. Na busar da shi da na'urar busar da gashi, na naɗe a farin ƙyalle.

Sannan na sayi sabon littafi da ma'aunin kauri mai nuna lamba, irin na injiniyoyi. Na ja layi da rula: rana, zafi, irin dalma, yanayin iska, sakamako. Dokar da aka koya mana ita ce a canza abu ɗaya tak a kowane gwaji. Na auna harsashin Kwaku ta tsaye da ta kwance, bambancin ɗigo huɗu ne. Na rubuta, na ja layi biyu a ƙarƙashi.

Zubin farko ya fito a yamutse kamar fuskar tsohuwa. Na auna na rubuta don bin ƙa'ida, amma ko tsayawa kallon lambar ban yi ba. Jikar maƙera ba ta kai wa jama'a abu mai tsufa tun ran haihuwa. Na mayar da su duka tukunya suka narke. Da zan tafi na ga mazubin ya ɗan dusashe, na kai shi gida na sake darjewa.

Rana ta biyu na ƙara zafi. Suka fito sumul, na yi hamdala, na buɗe mazubi suka faɗa kan simintin gareji, kowanne ya sami gefen zama. Na rubuta: ƙasa ta yi tauri. Washegari na zo da tawul.

Da yamma Tajuddeen ya fito daga banɗaki riƙe da shi, duk tabon ƙuna kamar fatar damisa.

"Balki, me ya sami sabon tawul ɗina?"

"Kimiyya."

"Kimiyyar ba ta ga naki ba?"

Ƙarshen mako na farko bambancin ya koma ɗigo biyar. Ban damu ba, an fi sanin abu in ya ɓaci. Na yi nazari na gano cewa tsibirin da muke zaune, Staten Island, tudu da gangare ne, saboda haka dalma tana karkata kafin ta daskare. Na aro ma'aunin magina mai ɗan ruwa a ciki, na yi awa biyu ina cusa tsofaffin mujallun Akua a ƙarƙashin ƙafar tebur. Ɗigo bakwai. Sai na lura duk sanda bas ya wuce tagar gareji tana rawa. Na samo jadawalin bas ɗin na manna a bango.

Akua ta leƙo daga kicin ta gan ni tsaye, ludayi a sama, ina kallon agogo.

"Sista Balki, me kike jira?"

"Bas."

"Za ki hau ne?"

"Jira nake ya wuce."

Ta daɗe tana kallona, sannan ta rufe taga a hankali kamar mai gudun tashin marar lafiya.

Saani kuwa ya mayar da garejin hanyarsa ta zuwa gida, ko da yake ba hanyarsa ba ce. Zai tsaya daga bakin ƙofa, hannu a baya, ya ɗauki guda daga cikin waɗanda suka huce.

"Wannan mi ne? Ƙwan zabuwa?"

"Gwaji ne."

"Na jiya dabino, na yau ƙwai. In kin kai ga goro ki aje mini ƙwarya guda, ina da ɗaurin aure." Ya juya zai tafi ya waiwayo. "Ni sukari uku nike sha a kofin shayi na farko. Ki fara rubutawa cikin littafin."

A mako na biyu na zargi dalmar. Na je shagon masunta na sayo irin dalmar da ake ɗaura wa ƙugiya. Ɗigo tara. Na zargi ludayin. Na zargi iskar teku. Na gwada zubi da hannun hagu. Kullum in na gama sai in kai mazubi gida in yi masa wankan da ya dace, don in ana cikin rikici, tsafta ce kaɗai abin da mutum yake da tabbas a kansa.

Labari ya bazu a benenmu. A cikin lif mata suna tambayata, "Maƙeriya, ya aiki?" Mariatu, maƙwabciyata 'yar zangon Accra da take sayar da masa ranar Juma'a, ta tare ni a ɗakin wanki.

"Anti, ba abu ne mai rami da ake zuba wani abu a ciki ya fito a kewaye ba?"

"Haka ne."

"To ai tanda ke nan. Kin taɓa ganin an zuba ƙullu a tanda babu mai?"

Na so in raina maganar, amma da na kwana da ita sai na ga akwai hankali a ciki. Ranar Asabar da la'asar na shafe mazubin da man gyaɗa ciki da waje, ban yi rowa ba. Dalma tana taɓa shi ya yi wata ƙara, hayaƙi ya tashi fari fat, ga ƙauri kamar an ƙona ƙuliƙuli a cikin taya. Na ce watakila bai ji man ba ne, na ƙara. Hayaƙin ya cika gareji ya fita titi. Wata tsohuwa da ke gidan gaba ta buga waya.

Motar kashe gobara biyu suka zo. Wani ƙato ya shigo da gatari a hannu, ya tarar da ni da tabarau da safar hannu da ɗankwali, riƙe da kwalbar man gyaɗa.

"Madam, me kike soyawa?"

Ni kuwa ban saba ƙarya ga ma'aikaci ba. Na ce, "Harsashi."

Sai ga motar 'yan sanda ta zama ta uku. Aka kira Kwaku daga wajen aiki, ya zo a guje da rigarsa mai ƙyalli, ya fito da takardu aka duba ɗaya bayan ɗaya, aka ga komai daidai. Suka tafi suna murmushi. Mutanen layin kuwa ba su tafi ba sai da Akua ta fito da tsintsiya.

"Sista," in ji Kwaku yana haki, "ko mu bar abin nan haka?"

"Bra Kwaku, yanzu ma na kusa. Kowane kuskure yana rage abin da ya rage a bincika."

Mazubin yana cikin jakata a lokacin, ban bari ya gan shi a wannan hali ba. Man ya ƙone ya daskare a jiki kamar kwalta. A gida na darje shi har soso biyu suka mutu. Wurin da ya fi ba ni wahala wasu 'yan ƙusoshi ne guda biyu da suka ɗan turo kai a fuskar ƙarfen. Datti yana maƙalewa a gindinsu, kuma su suke yaga mini soso tun ranar farko. Na ce wanda ya ƙera abin nan bai gama aikinsa ba. Na buɗe akwatin kayan gyaran motar Tajuddeen na sami magagari, kayan aikin kakana guda ɗaya da na san sunansa. Da na riƙe shi har wani abu na ji yana tsarga mini a hannu, na ce jini ne ya motsa. Na goge ƙusoshin nan sai da suka yi daidai da fuskar ƙarfe, ka shafa ba ka jin komai.

Zubin Litinin ya fito rabi ya zame gaba, rabi ya zame baya, ga wani siririn leɓe ya kewaye tsakiya.

Saani ya ɗaga guda a rana ya yi kabbara. "Goro ya samu! Har da siket!"

Ma'aunin ya nuna ɗigo talatin da ɗaya. Na canza masa batir. Talatin da biyu.

Saura kwana uku Tajuddeen ya same ni a teburin cin abinci, na sa harsasai tsakanin katakon yanka albasa biyu ina murzawa kamar mai mulmula dawo. Waɗanda na gama sun koma kamar 'ya'yan dabino.

Ya zauna ya sassauta murya. "Balki, akwai shago a Pennsylvania da suke sayar da irinsu a kwali, mulmulallu. Gobe ina da fasinja ta can. Ba wanda zai sani."

"Ni zan sani. Kakana ma zai sani."

"Kakanki da zai gan ki da ya ce ki koma kai fura."

Na ci gaba da murzawa. Na riga na gano amsar. Na kawar da zafi, na kawar da dalma, da iska, da bas, da gangaren ƙasa. Abu ɗaya ya rage: mazubin ne da kansa, tun daga kamfani. Wannan kuwa ba laifina ba ne, kuma duk mai hankali zai yarda cewa gano cutar ya fi maganinta wuya. Na sayi babban kwali fari na zana jadawali da alƙalami kala uku.

Ranar Lahadi mutum ashirin ɗin nan sun zama hamsin. Saani ya gayyato rabin Canal Street, har da wasu 'yan Senegal da ba su jin Hausa amma an yi musu bayani. Aka fito da teburin gilashi tsakiyar fili, Akua ta goge shi. Ni da kaina na daidaita ƙafafunsa da ma'aunin magina. Na zaɓo goma mafi dama cikin ɗari uku da wani abu.

Na farko ya tafi kamar taƙi ɗaya, ya yi kwana, ya faɗa cikin takalmin Saani.

"Ya san ubangidansa," in ji Saani.

Na biyu ya yi tsalle biyu kamar kwaɗo ya tsaya. Na uku na tura shi ya ƙi motsi, na ƙara turawa ya kwanta a kan siket ɗinsa. Na huɗu ya yi rabin hanya, har mata suka fara guɗa, sai ya yi tunani ya juyo ya dawo wurina. Wani daga cikin 'yan Senegal ya zauna a ƙasa yana riƙe ciki.

Na ɗaga hannu. "Jama'a, a saurara. Kafin a yanke hukunci akwai bayani."

Na kafa kwalin a kan kujera. Na yi minti goma ina nuna layin ja da layin shuɗi. Na bayyana batun bas. Na ƙare da cewa bincike ya tabbatar mazubin Bra Kwaku gurgu ne tun asali, ko kakana aka tasa ba zai fitar da ƙwallo daga cikinsa ba. Sannan na zaro shi daga jaka, na warware farin ƙyallen, na miƙa masa da hannu biyu.

Mata suka ce, "Kai! Masha Allah!" Mariatu ta matso. "Anti, da me kike goge shi?"

Kwaku ya karɓa ya juya. "Wannan na wa ne?"

"Naka ne mana."

"Nawa baƙi ne."

"Da ne yake baƙi."

Ya buɗe ya leƙa, ya rufe, ya ɗaga shi saitin rana. Haske ya ratso ta tsakanin ƙarafan biyu ya sauka a goshinsa. Ya girgiza hannun katakon, bakin ya yi ƙwas-ƙwas kamar haƙoran roba.

"Awurade, ya Ubangiji! Sista, ina baƙin da ke ciki?"

"Na wanke."

"Da kyandir nake turara shi! Da gangan! Don dalma ta kwanta ta saki!" Ya shafa fuskar ƙarfen da babban yatsa, ya sake shafawa. "Ina ƙusoshin?"

"Waɗanda suke yaga soso? Na goge su."

"Su ne suke riƙe rabi da rabi su haɗu daidai!"

Kwaku ya zauna a kan kula. Ya ce wani tsohon Bature da shi Kwaku ya yi jinyarsa shekara shida kafin ya sami aikin filin jirgi shi ya bar masa mazubin nan, ya fi shekara talatin ana zubi da shi ba a taɓa nuna masa ruwa ba.

"Shekara talatin?" in ji Mariatu. "To ai gara da aka wanke."

Tajuddeen, wanda na aura don ya rufa mini asiri, ya ɗauki littafina daga kan kujera ya gyara tabarau.

"Bari mu ga. Na Kwaku, ɗigo huɗu. Zubin farko, ranar Talata..." Ya ɗago ya dube ni. "Balki, nan sifili kika rubuta."

"Sifili?" Kwaku ya miƙe. "To ai kin gyara ke nan! Wata 'yar dalma ce ta maƙale a fuskarsa take hana shi rufuwa, wankin farko ya cire ta. Yamutsewar kuwa don mazubin bai ɗau zafi ba ne, da kin ci gaba da zubi da ta tafi. Ina suke?"

"Na narkar."

Tajuddeen ya ci gaba da karatu kamar mai sanar da sakamakon zaɓe. "Biyu. Biyar. Bakwai. Tara. Sha shida. Akwai layin zafi, akwai na iska, akwai na bas. Ina layin wanki?"

"Wanki ai ba gwaji ba ne," na ce. "Tsafta ce."

"Sau nawa?" in ji Tajuddeen.

"Sha tara."

Ban san dariya tana da nauyi ba sai ranar. Akua ta karɓi mazubin daga hannun mijinta ta ce tunda ya yi kyau haka za ta rataye shi a falo kusa da hoton aurensu, shi kuma ya je ya nemo wani ya ɓoye inda mace ba za ta gani ba. Na ba Kwaku haƙuri da gaske, ya ce ya wuce, amma bai kalle ni ba, mazubin yake bi da ido.

Saani ya gyara zama a kan tabarma, ya miƙe ƙafa, ya gyara rawani.

"To, ɗiyar maƙera. Muna saurare."

Na dubi Tajuddeen, ya dubi sama. Na rusuna.

"Ubangidana."

"Iska ta ɗauke. Mutanen baya ba su ji ba."

"Ubangidana!"

"Madalla. Wata guda, yau ɗaya ga wata. A kawo mata kayan aiki."

Wani abokinsa ya ajiye mini kurfoti da gawayi da 'yan kofuna, sannan ya zaro butar shayin daga jakar fata. Na karɓa na buɗe murfin. Ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Cikinta ya yi baƙi ya yi kauri, har wani ɓawo ya yi kamar bayan bishiya.

"Wannan buta," in ji Saani yana gaya wa jama'a, "ta ubana ce. Ta je Bilma a kan raƙumi sau goma sha ɗaya. Ko ruwan zafi kaɗai ka zuba mata, shayi za ta ba ka."

Na miƙe da butar na nufi famfon da ke jikin gareji, na buɗe jakata. Akwai sabon soson ƙarfe a ciki, ko ledarsa ban cire ba. Allah ya sani ba da wata manufa na yi ba. Ba zan iya ba wa mutum abin sha daga cikin wannan ba, ko da Buzu ne.

Ƙarar yaga ledar ce ta sa ya waiwayo.

Ban san mai rawani yana iya gudu haka ba. Ya tsallake kurfoti, ya ture kujera da kwalina a kai, takalmi ɗaya a ƙafa.

"Ke! Ke! Aje ta! Don girman Allah aje ta!"

"Ubangidana, minti biyar ne. Za ka ga fuskarka a ciki."

"Ban son ganin fuskata! Na san ta!"

"Wata guda fa aka ce. Kullum kafin in ɗora sai na wanke, haka aka koya mini."

Ya kama butar ta hannu, ni na riƙe ta baki. Ya dubi soson, ya dubi mazubin da ke walƙiya a hannun Akua, ya juya ga jama'a.

"Ku shaida! Na 'yanta ta! Daga yau ɗiya ce, ba ta da ubangida! Balki, Hajiya Balki, sakar mini butata!"

Shekara tara muna unguwa ɗaya, ranar ya fara kiran sunana. Na sakar masa. Ya rungume ta a ƙirji ya koma can ƙarshen fili, ya juya mana baya, ya hura gawayinsa da kansa.